Kwaɗon Bayan Rumbu

Ranar da Sakinatu ta durƙusa ta miƙa wa riga ruwan sha, dariya Bunyaminu ya fara yi, dariyar da ya daɗe yana jin kunyarta daga baya.

Daminar shekarar da za a ba ƙasa mulkin kai ce. Bunyaminu tela ne, yana da rumfa a kasuwar Bagudo. Da sassafe yake hawa kekensa daga Bahindi, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. A kwanakin nan aiki ya yi masa yawa, don an ba shi ɗinkin ƙananan tutoci masu kore da fari, waɗanda 'yan makaranta za su riƙe ranar biki. Ran nan ya shigo gida ana shirin kiran magariba. Ya jingine keke a jikin zana, ya tuɓe farar rigarsa da ta jiƙe da zufa ya rataya a kan keken, ya koma gefe ya zauna bisa wani kifaffen turmi yana cire takalmi.

Matarsa ta fito daga ɗaki da ƙwaryar ruwa a hannu bibbiyu, tana tafiya a hankali irin ta mai tsohon ciki. Ta wuce shi kamar ba ya nan. Ta nufi farar rigar, ta durƙusa a gabanta, ta ɗaga ƙwaryar.

"Sannu da zuwa, Ɗan Tudu," ta ce.

"'Yar Ruwa, yau riga ta hi ni daraja ke nan? Ita tat taka keken tun daga Bagudo?"

Ƙwaryar ta girgiza, ruwa ya zuba a zanenta. Ta juyo inda muryar ta fito, amma idanunta ba a kansa suka sauka ba, sun tsaya ne a wani wuri kusa da kafaɗarsa. Ta saki ƙwaryar da hannu ɗaya ta miƙo shi cikin iska tana lalube. A nan dariyar ta mutu a bakinsa.

Idanun nan su ne suka fara kama shi. A jirgin ubanta ya fara ganinta, wata rana da zai ƙetare kogin Kwara da yadin sayarwa. Ita 'yar Sarkawa ce, masuntan da ke zaune a wata tunga a bakin kogi, tana tsugune a tsakiyar jirgin tana kwashe ruwa da ƙoƙo. Shi kuwa ɗan manoma, ya riƙe bakin jirgi da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya sani. Ta ɗago ta dube shi, ta ce in ya ƙara matse jirgin nan zai yi mai. Farin idon kamar nono, baƙin kamar kogin a inda ya fi zurfi. Kafin su kai gaɓa ya manta da tsoron ruwa, ya samu wani tsoron da ya fi shi, wato kada ya sauka bai san sunanta ba. Tun daga ranar take ce masa Ɗan Tudu, yana ce mata 'Yar Ruwa, har bayan aure, don ba ta iya faɗin sunansa.

Ya kama hannun da ke lalube, ya ja ta cikin ɗaki, ya kunna fitila.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun da anka yi shuka. Da rana lahiya lau nike gani. In rana ta faɗi, sai kamar an kife mini tukunya."

"Kuma ba ki faɗa mini ba."

"In faɗa maka mi? Ka san Baffana da ka gani tungarmu, wanda aka ja da sanda? Da yamma tashi tat fara. Haka kakata. Mu mutanen kogi haka mukan ƙare, kogi na ba mu kihi shi karɓi ido. Na ɗauka tunda na hau tudu ya manta da ni."

Ya san abin da take nufi. Ya ga tsofaffin nan a tungarsu, a jere ƙarƙashin inuwa suna saƙa koma da yatsu, fuskokinsu sama, idanunsu fari fat. Ya taɓa gaishe su da tausayi irin na mai wucewa. Yanzu ya ga matarsa a cikin jeren.

Ta ɗora tafin hannu a cikinta. Cikin fari ne, ba ta taɓa ambatonsa da baki ba, ko a gabansa. "Ba kaina nika wa kuka ba," ta ce. "Ina son in ga baƙon ga ko sau guda. In san kamar wa yad ɗauko. Bayan nan duk abin da Allah Ya yi daidai ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Don Allah kada ka faɗa ma Inna. Ta yi mini abin da ko uwata ba ta yi ba. Ba ni son ta ce makauniya anka kawo mata."

Gaskiya ne, Inna Barira, mahaifiyar Bunyaminu, tana ji da surukarta, duk Bahindi an sani. Amma akwai dalilin da ya sa jin ya wuce misali. Ranar da aka kawo amarya, wata gwaggonta mai baki, Goggo Jummai, ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu ta ce, "To, ga ɗiya mun kawo muku. Can gida shinkafa tas sani da kihi. Kada mu dawo mu iske kun maishe ta akuya, tana kiwon ganye tare da ku." Wasa ne irin na biki tsakanin mutanen ruwa da na tudu, kowa ya yi dariya. Inna Barira ma ta yi, amma maganar ta shige ta kamar ƙaya. Mace ce da ta yi rainon 'ya'yanta ita kaɗai bayan rasuwar mijinta, ta ci ganye a shekarun da babu abin ci sai ganyen, ba ta kuma son a tuna mata. A ranta ta yi rantsuwa cewa yarinyar nan ba za ta taɓa ganin ganye a akushinta ba.

Haka kuwa aka yi. Tukunyar amarya daban ce. Tuwon farar shinkafa da aka sussuke ta har tana ƙyalli, da miyar busasshiyar kuɓewa. Kunun gero da aka surfe aka tace sau da yawa, a jefa masa sukari mai ƙwaya. Duk abin da ya shiga ɗakin Sakinatu fari ne tas. Kifi kuwa Inna ba ta sayensa, ta ce ina ita ina kai wa ɗiyar Sarkawa busasshen kifin kasuwa, ai dariya za ta yi musu a zuci. Ran da aka samu nama, a saka mata tsoka mafi kyau, ita kuma kunyar gidan miji ta hana ta ci, sai ta lallaɓa ta tura a kwanon mijinta, shi kuwa ya cinye yana yabon hannun Inna. Kowa a gidan yana kyautata wa wani. Sakinatu ta yi haske, Inna tana nuna ta ga maƙwabta tana cewa hutu ne. Ba wanda ya lura hasken ya kai har leɓɓanta da tafin hannunta.

Bunyaminu ya riƙe sirrin kamar garwashi a aljihu. Washegari ya tattaro ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin tutoci, ya tufka su igiya doguwa, kore da fari, ya ɗaura daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin randa, daga nan zuwa makewayi, don ta riƙa bi in duhu ya fara. Da Inna ta tambaya ya ce ta shanya ce. Ya koma barin kasuwa tun la'asar sakaliya. A rumfa sai ya tsinci kansa ya tsayar da ƙafa a kan keken ɗinki, ya rufe ido, yana gwada yadda duniya take ga wanda ba ya gani, har sai mai riga ya taɓa shi. Ya ji ana cewa akwai likitocin ido can Kano. Bai san hanyar Kano ba, amma ya yanke a ransa, da zarar ya miƙa tutocin nan zai sayar da keken ɗinkin ya kai ta. Da rana in yana gida yakan zauna ya yi ta kallonta tana tsince shinkafa, tana zare tsakuwa ƙanana da ko shi ba ya gani, sai ya ce ai ƙarya ne, idon nan lafiyarsa ƙalau. Da magariba ta yi sai ya ga ta miƙa hannu tana neman igiya.

Abin da ya tona asirin, ƙanwarsa Mero ce ta jawo shi ba da saninta ba. Mero tana aure a gidan da ke bayan nasu, kullum da yamma takan zagayo wurin uwarta, kuma zagayowar tana da dalili. Inna Barira ta hana ganye shiga tukunyar amarya, amma ba ta iya hana ranta sonsa ba. A damina zogalen da ke bayan rumbu yakan yi lif, ga rama, ga tafasa. Mero takan dafa a gidanta, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono da albasa, ta rufo da faifai ta shigo ta ƙofar baya, su ɓuya a bayan rumbu su biyu su ci da sauri kamar ɓarayi, su wanke hannu da baki kafin amarya ta gani.

Ran nan Mero ta yi wanki, ta ga igiya mai kyau ba a shanya komai a kanta ba, ta kwance bakin da ke gindin randa ta ja shi ta ɗaura a ƙafar rumbu, ta baza zannuwanta, da suka bushe ta kwashe ta bar igiyar a nan. Bunyaminu kuma tayar kekensa ta yi faci a hanya, magariba ta riske shi yana tura shi.

Uwa da 'ya suna tsugune, hannu cikin ƙwarya, sai ga Sakinatu ta ɓullo ta gefen rumbu, riƙe da igiya, da buta a ɗaya hannun. Mero ta yi wuf ta tura ƙwaryar bayanta. Inna ta haɗiye lomar da ke bakinta ba tauna, tana neman abin da za ta ce. Amma Sakinatu ba ta gaishe su ba. Ta iso ƙarshen igiyar, ta shafa ƙafar rumbu, ta tsaya tana mamaki, tsakaninta da su bai fi a miƙa hannu ba. Idanunta a buɗe, suna kallon saman kan surukarta.

Mero ta buɗe baki, Inna ta dafe mata gwiwa.

Sakinatu ta ja numfashi. Ta sake ja, a hankali, har ta lumshe ido. Sai ta ajiye buta, ta dafa cikinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa da muryar da ba a taɓa jin ta da ita a gidan ba.

"Kai ma ka jiya ko? Shi as sa kake harbi na. Kwaɗon zogale ne, da ƙuli. Wani gida nan kusa anka yi shi." Ta haɗiyi yawu. "Can gidanmu Innata har manja takan zuba, shi yi ja. Yi haƙuri, ka ji. Gidan ga manyan mutane ne, ba su cin ganye. Ba mu roƙo, kada a ce ba mu da tarbiyya."

Inna Barira ta ɗaga hannunta mai maiƙon ƙuli, ta kaɗa shi a gaban fuskar yarinyar. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Sakinatu."

Yarinyar ta zabura, ta yi baya, ƙafarta ta bugi buta. Mero ta tashi ta tare ta. Da ta gane muryar, ta gane kuma an ji duk abin da ta faɗa, sai ta sulale ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Daidai nan Bunyaminu ya shigo da kekensa, ya ga igiyarsa ta canja hanya, ya saki keken ya faɗi, ya biyo ta da gudu.

"Inna, ni nac ce ta yi shiru," ya fara, ko da yake ba haka aka yi ba. "Ciwon mutanen kogi ne. Na shirya, Kano za ni kai ta, keken ɗinkin..."

"Kai, rufe mini baki, ka kawo fitila."

Ya kawo. Inna ta zauna a ƙasa gaban surukarta, ta janye mayafin da kanta. Ta ja fatar idonta ta duba. Ta kama damtsenta ta shafa, ta shafa ƙwaurinta da ƙugunta.

"Jikinki na ƙaiƙai? Irin wanda ba a barci?"

"A'a, Inna."

"Kin ji wani ƙulli ƙarƙashin fata, nan ko nan?"

"A'a."

"Da rana kina sa zare ga allura?"

"Ita ka sa mini in na kawo aiki gida," in ji Bunyaminu.

"Ba kai nit tambaya ba. Baffan nan naki da yam makance, ya jikinai yake?"

Sakinatu ta yi ɗan tunani. "Fatarshi duk ta yi kamar ta guza. Da dutse yake susa."

Inna Barira ta saki hannunta. Ta dubi ɗanta, ta dubi igiyar kore da fari, ta dubi ƙwaryar kwaɗon da Mero ta kasa ɓoyewa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Bunyaminu ya ɗauka kuka take, ya duba da kyau ya ga dariya ce, ya sake dubawa ya ga duka biyun ne.

"Dundumi ne," ta ce. "Dundumi ne, ɗiyata. Ni ma na yi shi, shekarar fara, ina da cikin wannan sakaran da ka shirin sai da keke. Fara ta cinye komi, ko ganyen ba mu samu ba, sai tsabar dawa. Kaza na shiga akurki ni ma idona shi rufe. Ciwon mai ciki ne in jikinta ya rasa abin da yaka so. Ba makanta ba ce."

"Yana warkewa?" Muryar Bunyaminu ta fito siririya kamar ba tasa ba.

"Ga ni ina ganin ka, har da zaren da ke gemunka." Ta share hawaye da bayan hannu, fuskarta ta koma ta tsufa lokaci guda. "Ni fara tat hana ni. Ke kuwa ga ganye har bakin ɗaki, ni na hana ki. Ina ta tuƙa miki farin tuwo ina jin daɗi, ashe yunwa nika ba ki cikin akushi mai kyau."

"Inna, kada ki ce haka," Sakinatu ta faɗa cikin kuka. "Ni ce ban yi magana ba."

"To ku yi ta rabon laihi," in ji Mero, ta jawo ƙwaryar ta dire a cinyar matar wanta, ta kama hannunta ta tsoma ciki. "Manyan mutane sun ci sun rage. Ci, akuyarmu. Wallahi na gaji da cin abinci tsugune kamar mai gudun dogari."

Sakinatu ta so ta noƙe, don ba a ci a gaban suruka. Inna ta gane, ta tashi ta juya baya ta tsaya tana kallon zana. Suka ji ƙarar tauna a bayanta, ta farko a hankali, sauran ba kunya.

Inna ba ta bar ɗanta da murna zalla ba. Ta ja shi gefe ta ce, "Abin da nis sani na faɗa maka, amma ni ba likita ba ce. Za mu yi mata abin da anka yi mini. In kasuwar Bagudo ta zagayo ba ta ga sauyi ba, ka nemi mota mu tahi Birnin Kebbi, ni ka riƙe ta a hanya." Don haka tsoron bai fita gidan duka ba, ya dai koma bakin ƙofa ya zauna.

Da safe Bunyaminu ya tsaya a kan mahauci har aka feɗe akuya, ya karɓi hanta da ɗuminta. Al'adar da Inna ta gada ita ce, mai dundumi ba a miƙa mata hantar a hannu. Da almuru ake gasa ɗan yanki, a aza a faifai a tsakar gida, ita za ta nemo da kanta ta ci, a haka ake gane ranar da ido ya fara dawowa. Yammacin farko da hanci Sakinatu ta same ta, tana rarrafe tana dariya da hawaye, Mero tana bayanta tana cewa, "Dama, dama, a'a, wannan takalmin Inna ne."

Ya ƙetare kogi zuwa kasuwar Illo, wurin matan Dahome da ke kawo manja a garwa. Su ƙasarsu ta riga ta karɓi nata mulkin kan a daminar nan, suna ta zolayarsa da yarensu na Dandanci da guntuwar Hausa, wai Nijeriya babba ce shi ya sa ta makara. Ya sayi kwalba ya naɗe ta a rigarsa kamar jariri. A hanyar dawowa ya biya tungar surukansa, ya tsuguna gaban uban matarsa ya yi ta kewaye-kewaye, ya kasa cewa kifi ya zo roƙo. Goggo Jummai ce ta ritsa shi a bakin jirgi ta matse shi har ya faɗi komai. Ta riƙe baki.

"Don maganata? Ni da nika tsinko zogale da hannuna kullum? Ku mutanen tudu ba ku san wasa ba." Ta cika masa kwando da ɗanyen kifi da banda, ta ɗora kabewa a kai. "Ka ce ma Barira na ba ta haƙuri. Ka ce kuma in taz zo suna, ni da ita ƙwarya guda za mu ci, in ga yadda taka ɓoyo."

Tukunyar amarya ta tashi daga aiki. Aka koma tukunya ɗaya, tuwon dawa da dusarsa ba a surfe ta duka ba, miyar taushe ta yi ja da kabewa da manja, yau rama gobe zogale, kifi a ciki, nonon Fulani da safe, gwanda in an samu. Inna ta ɗora Mero a kan surukarta kamar ɗan doka, su ci tare, ta tabbata tsoka ba ta yi ƙaura zuwa kwanon kowa ba. Mero ta ɗaga wata tuta da wanta ya kawo gida don ƙarasawa, ta kaɗa ta a gaban uwarta ta ce, "Inna, dubi, ko gwamnati da tat tashi yin tuta, kore biyu tas sa, fari guda. Ke kaɗai kin ka tsaya ga fari."

Bunyaminu dai bai iya shiga dariyar da zuciya ɗaya ba. Kowace yamma yakan tsaya a bakin zaure yana kallon rana tana sauka a bayan gonakin gero kamar mai kallon alƙali zai yanke hukunci. Yamma ta biyu ta ce kamar ta ga wutar murhu ta fi jiya faɗi, amma ta yi karo da turmi. Ya kwana yana lissafin hanyar Birnin Kebbi. Wata yammar hadari ya haɗo, duhu ya zo da wuri, ba a gane komai ba.

Ana jajibirin kasuwa ya dawo daidai lokacin da ya dawo ran farko. Sama ta wanke, jan rana ya ƙare, sauran wani shuɗi-shuɗi da jemagu ke yawo a ciki. Ya shigo ba sallama. Ya jingine keke a jikin zana, ya tuɓe farar rigar ya rataya a kai, ya lallaɓa ya zauna bisa turmin nan, ya riƙe numfashi. Can gefen murhu Inna da Mero suka tsayar da abin da suke yi.

Sakinatu ta fito da ƙwaryar ruwa. Ba ta taɓa igiya ba, amma hannunta biyu na riƙe da ƙwarya, wannan ba shaida ba ce. Ta wuce shi. Ta nufi farar rigar, ta durƙusa a gabanta, ta ɗaga ƙwaryar.

Bunyaminu ya ji ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinsa. Ya sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a gwiwarsa.

"Sannu da zuwa, riga," ta ce. "Sha ki rage ma maigidanki. Ga shi can bisa turmi ya yi tagumi, takalmi guda a ƙafa guda a hannu, da koren zare maƙale ga kunnenshi na hagu."

Ya kai hannu kunnensa. Zaren yana nan.

Ta juyo, idanun nan suka sauka cikin nasa, daidai, ba kusa da kafaɗa ba. Ya rasa abin da zai yi da jikinsa. Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa, takalmin yana hannunsa har yanzu. Da ba don uwarsa na tsakar gidan ba, Allah kaɗai Ya san abin da zai yi. Ya karɓi ƙwaryar, ya sha, rabin ruwan a ƙirjinsa ya zuba.

"Alhamdu lillahi," Inna Barira ta ce a hankali, ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwo, tana jan hanci tana ɗora wa hayaƙi laifi.

"Mi kike gani kuma?" ya tambaya, murya ƙasa. "Faɗa mini duka."

Sakinatu ta ɗaga kai tana dubawa kamar baƙuwa. Ta ce ga rumbu, ga zogale a bayansa an tsinke shi har ya yi sanƙo, ga Mero tana satar hanta daga faifai. Ta dubi yamma ta ce ga tauraruwa Zara ta fito ita kaɗai, ta yi kewarta. Daga nan ta dafa cikinta.

Ya je zai kwance igiyar, ta hana shi. Ta ce a bar ta, nan gaba kaɗan za a samu ƙananan kayan da za a shanya a kai.